Yadda za ka fara ba ƙaramin injin CNC umarni, daga kunnawa zuwa yankan farko

Tun da na fara sassaƙa allunan suna da 'yan tambura da ƙaramin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke ba umarni, tambayar da ta fi zo mini iri ɗaya ce: na sayi injin, na haɗa shi, fitila ta kama, to yanzu fa? Wasu har watanni injin ke yi a kwali saboda tsoron kada su lalata shi. Wasu kuma ba su ji tsoron ba, sun sauko da wani zane daga intanet, suka danna, baki, wato ɗan ƙarfen da ke yin yankan, ya nitse cikin tebur ya karye tun ba a yi minti ɗaya ba. Ga yadda nake koya wa duk wanda ya zo wurina, bi da bi. Misalina shi ne injin nan na kan tebur da ake kira 3018, mai aiki da manhajar GRBL da ke zaune a cikinsa, domin shi ya fi yawa a hannun masu farawa. Sunan nasa ma daga girman filin aikinsa ya samo asali, milimita 300 a faɗi, 180 daga gaba zuwa baya, sai kusan 45 na hawa da sauka. Idan naka ya fi wannan girma, matakan ba su canza ba, lambobin ne kawai za su bambanta.

Mataki na 1: Tara kayan aiki

Injin kansa yakan kama tsakanin dala 150 zuwa 300, gwargwadon kamfani da abin da aka haɗo da shi, ban da kuɗin jigila da na kwastan. Kada ka ƙarar da kuɗinka duka a kansa, domin abin da ke cikin kwalin bai isa aiki ba. Yawanci 'yan bakuna masu tsini na zane kawai ake sakowa. Kai kuma kana buƙatar bakin yanka mai shafaffen ƙasa, mai kaurin milimita 3.175, mai haƙora biyu. Sayi kwali guda mai goma, ba ɗaya ba. Za ka karya, kowa ya karya.

Sai ma'aunin kauri na dijital, da guntayen MDF, wato allon garin katako da aka matse da gulu, ko katako mai laushi na gwaji, da wani shafaffen katako da za ka shimfiɗa a kan teburin injin domin idan baki ya wuce ƙasa shi zai ci, ba alminiyon tebur ba. Ka nemi salatif na takarda da sufa gulu, da tabarau na kariya, da takunkumi. Kwamfuta kowace iri ta isa, ko tsohuwar laftof ce, muddin tana da ramin USB mai lafiya.

Manhajojin da za ka fara da su ba sa cin ko sisi. Candle ko Universal Gcode Sender, wadda ake taƙaitawa UGS, su ne ke aika umarni zuwa injin. Ɗaya ta wadatar. Na zane da tsara hanyar baki sai mun zo mataki na bakwai.

Gargaɗi: wannan injin na katako ne, da roba, da allon lantarki, da alminiyo idan an bi shi a hankali ƙwarai. Ba ya yanka baƙin ƙarfe. Wanda ya ce maka yana yi, ce masa ya yanka a gabanka.

Mataki na 2: Haɗa inji da kwamfuta

Sa wayar USB, buɗe manhajar, zaɓi tashar da injin ya bayyana a kai, ka sa saurin sadarwa a 115200. Idan tashar ba ta fito ba, kusan kullum direban CH340, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane injin, ne ba a ɗora wa kwamfutar ba. Ɗora shi, ka cire wayar ka mayar.

Da zarar sun gaisa, je wurin rubuta umarni ka rubuta $$ ka danna. Jerin lambobi zai zubo. Waɗannan su ne saitin injinka. Kafin ka taɓa komai, kwafe su gaba ɗaya ka adana a wani fayil, ko ka ɗauke su hoto da waya. Ranar da ka dagula wani abu, wannan hoton ne zai fisshe ka.

Idan ka ga an rubuta cewa injin yana cikin ƙararrawa kuma ya ƙi motsi, rubuta $X ya buɗe. Idan naka yana da makunnan iyaka, wato 'yan makunnan da ke ƙarshen kowace hanya, $H za ka rubuta, ya tafi ya nemo gidansa da kansa.

Mataki na 3: Tabbatar da hanyoyi uku

Injin hanyoyi uku ya sani. X dama da hagu, Y gaba da baya, Z sama da ƙasa. Kada ka sa baki tukuna. Da maɓallan kibiya na manhajar, matsar da shi milimita 10 a kowace hanya ka zuba ido. X mai ƙari ya tafi dama. Z mai ƙari ya hau sama. Y ce ke rikita mutane, saboda a 3018 tebur ne ke tafiya, ba baki ba. Ka'idar ita ce a dubi inda baki yake dosa a kan katako, don haka idan ka danna Y mai ƙari, tebur zai taho wajenka, baki kuma ya koma can bayan katakon. Idan ka ga haka, daidai ne, kada ka gyara abin da bai lalace ba.

Idan wata hanya ta juye, saitin $3 ke gyara ta. X lambarta 1, Y 2, Z 4, kuma tara su ake yi. Ke nan $3=5 yana juya X da Z tare. Wanda ya tsallake wannan, ranar da ya sassaƙa suna zai ga rubutun ya fito kamar an duba a madubi.

Sai awo. Yi alama, ka umarci X ta tafi milimita 100, ka auna da ma'auni. Saitin $100, $101 da $102 su ne adadin takun motocin da ke tura X, Y da Z a kowace milimita, kuma a yawancin 3018 za ka tarar da 800. Idan ka ce 100 ya tafi 50 ko 200, lambar ce ba daidai ba, ninka ta ko ka raba ta biyu. Amma idan ya tafi 97 yanzu, an jima 99, kada ka taɓa lambar. Mahaɗin da ke tsakanin mota da sandar zare ne ya saki, ɗaure 'yan sukuransa. Na ga wanda ya kwana biyu yana lissafi a kan abin da juyi ɗaya na sukuru ya warware.

Mataki na 4: Ɗaure katako da baki

Duk wani tsari da za ka rubuta, banza ne idan katakon ya motsa. 'Yan maɗauran da ke zuwa da injin suna aiki, sai dai suna tsayawa a hanya, kuma baki bai san suna nan ba. Ga ƙananan ayyuka na fi son dabarar salatif: manna salatif na takarda a kan katakon shimfiɗa, manna wani a bayan abin da za ka yanka, ɗiga sufa gulu tsakanin salatif da salatif, ka danne na ɗan lokaci. Yana riƙewa gam, idan an gama kuma ka ɓamɓare ba tare da gulu ya taɓa aikin ba.

Bakin yana shiga cikin wani ɗan maƙogwaro mai tsage-tsage, ER11, wanda noti ke matsewa. Fara danna maƙogwaron cikin notin har ka ji ya ce ƙas, sannan ka ɗaura notin, sannan ka zura bakin. Kada ka bar bakin ya yi tsawo a waje fiye da buƙata. Gwargwadon tsawonsa, gwargwadon rawar da zai yi. Ɗaure da sifana biyu.

Gargaɗi: naɗe hannun riga. Babbar riga, mayafi, carbi a wuya, duk a ajiye su gefe. Motar da ke juya baki ƙarama ce amma tana juyi kusan 10,000 a minti, ba ta tambaya kafin ta naɗe abu.

Mataki na 5: Kafa sifili

Nan ne gindin maganar, kuma nan ne aka fi karya baki. Injin bai ga katakonka ba. Bai san inda yake ba, bai san kaurinsa ba. Kai za ka nuna masa wuri ɗaya ka ce nan ne X0 Y0 Z0, daga nan kuma duk lambar da ke cikin tsarinka daga wannan wurin ake ƙirga ta. Idan ka kafa shi a karkace, injin zai bi umarninka tiryan-tiryan ya yi ɓarna da zuciya ɗaya.

Ga mai farawa, zaɓi kusurwar gaba ta hagu, a saman katakon. Amfanin sa Z0 a sama shi ne ba ka buƙatar dogon tunani: duk Z mai ƙari iska ce, duk Z mai ragi yanka ne. Idan kana duba tsari ka ga Z-15 alhali katakonka milimita 6 ne, ka san akwai matsala tun kafin ka kunna.

Kai bakin saman kusurwar da maɓallan kibiya, ɗan shigo ciki kamar milimita 5 daga kowane gefe, ka sa X da Y sifili. Sai Z. Sa takarda ta rubutu a ƙarƙashin bakin. Sauko da takun milimita 1 har ya kusa, sannan ka mayar da takun 0.1, kana saukowa kana jan takardar gaba da baya. Inda ka ji ta fara kamawa, tana ja da ɗan ƙarfi amma ba ta yage ba, tsaya. Kaurin takarda kusan 0.1 ne, don haka zare ta, ka sauko taku ɗaya, ka sa Z sifili.

Gargaɗi: duba girman takun kafin kowace dannawa. Baki na farko da na karya, ba a cikin yanka ya karye ba. Na manta takun yana kan 10, baki yana milimita 2 daga katako, na danna ƙasa. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena, guntun kuma ban gan shi ba sai washegari, can ƙarƙashin kujera. Tun ranar nake sa tabarau kafin ma in kunna injin.

Manhajar tana da maɓallin sa sifili, amma yana da kyau ka san abin da take aikawa. Wasu G92 suke aikawa, wanda ke gogewa idan aka sake kunna injin. Umarnin da ke zama shi ne:

G10 L20 P1 X0 Y0 Z0

Wannan yana rubuta sifilin a ma'ajiyar G54, ya zauna ko an kashe wuta. Sai dai amfaninsa bayan ɗaukewar wuta yana ga mai makunnan iyaka ne, wanda zai yi $H injin ya gane inda yake. Marar su, sai ya yi dabarar da zan faɗa a mataki na tara.

Idan an haɗo maka da ɗan farantin taɓi mai waya, yana sauƙaƙa aikin Z. Umarninsa G38.2 Z-10 F50, bakin ya sauko a hankali ya tsaya da ya taɓa farantin, sannan ka gaya wa injin kaurin farantin. Auna kaurin da kanka, kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Kuma cire ɗan maƙalin wayar farantin daga jikin baki kafin mota ta tashi. Duk lokacin da ka canza baki, sai ka sake kafa Z. X da Y suna nan yadda suke.

Mataki na 6: Rubuta tsarin farko da hannunka

Akwai manhajojin da za su rubuta maka komai, kuma can za ka ƙare. Amma ina dagewa kowa ya rubuta na farko da hannu, saboda wanda bai iya karanta layi goma na G-code, wato harshen da ake ba injin umarni da shi, ba, ba zai gane kuskure a cikin layi dubu goma ba. Kalmomin da ake buƙata ba su kai ashirin ba.

Buɗe Notepad ka rubuta wannan, ka adana da suna mai ƙarewa da .nc:

G21 G90 G17
G0 Z5
M3 S1000
G4 P2
G0 X0 Y0
G1 Z-0.5 F100
G1 X40 F300
G1 Y40
G1 X0
G1 Y0
G0 Z5
G0 X30 Y20
G1 Z-0.5 F100
G2 X30 Y20 I-10 J0 F300
G0 Z5
M5
G0 X0 Y0
M30

Murabba'i ne mai milimita 40 kowane gefe, da da'ira a tsakiyarsa. Layin farko sharaɗi ne: G21 na nufin da milimita muke magana, G90 na nufin kowace lamba daga sifili ake ƙirga ta, G17 kuma aikin a kwance yake, kan X da Y. Kada ka taɓa barin wannan layin. Idan injin ya zauna a G20, inci zai ɗauka, X40 ɗinka ta zama sama da mita ɗaya. Idan kuma a G91 yake, kowace lamba ƙari ce a kan inda yake tsaye, sai ka ga yana ta nausawa gefe guda.

G0 gudu ne a iska, iya saurin injin. G1 tafiya ce ta yanka, a miƙe, da saurin da F ta faɗa, milimita nawa a minti. Ka lura ko'ina sai na ɗaga Z zuwa 5 kafin in yi G0 zuwa wani wuri. Wannan ɗabi'a ce da ya kamata ta zame maka jiki: ɗaga, tafi, sauka. G0 a cikin katako karyewar baki ce.

M3 ke tada mota, M5 ke kashe ta, M30 kuma ke rufe tsarin. S1000 ba juyi dubu ba ne a nan. Saitin $30 a yawancin waɗannan injuna 1000 ne, don haka S1000 na nufin iya ƙarfinta, S500 rabi. Duba naka. G4 P2 jira ne na daƙiƙa biyu, motar ta kai ga saurinta kafin ta taɓa katako. Saukar baki na sa F100, tafiyar gefe F300, saboda bakin yanka da gefensa ya fi iya ci, ba da goshinsa ba.

Layin da'irar ne ke buƙatar natsuwa. G2 zagaye ne irin na hannun agogo, G3 akasinsa. X da Y inda za a ƙare ne, kuma tunda cikakkiyar da'ira muke so, inda aka fara nan za a ƙare. I da J kuwa suna nuna cibiya, amma ba daga sifili ba, daga inda bakin yake tsaye. Muna X30, cibiya tana X20, shi ya sa I-10. Wanda ya rubuta I20 J20 yana zaton wurin cibiyar ake tambaya, ko dai ya sami wata ƙatuwar da'ira da bai nema ba, ko, idan yankin da'ira ne ba cikakkiya ba, injin ya mayar masa da kuskure mai lamba 33.

Kafin ka yanka, gwada a iska. Ɗaga bakin milimita 20 sama da katako, ka sa Z sifili a can na wucin gadi, ka aika tsarin. Zai yi duk rawarsa bai taɓa komai ba, kai kuma kana kallo ko ya nufi maɗauri ko ya fita daga katako. Yatsanka yana kan maɓallin tsayarwa. Idan komai ya tafi daidai, mayar da Z0 saman katako da takarda, ka yanka na gaske.

Yanzu ɗauki ma'auni ka auna murabba'in da ya rage a tsakiya. Ba za ka sami 40 ba, kusan 36.8 za ka samu. Injin bai yi ƙarya ba. Tsakiyar baki ce ke bin layin, bakin kuma yana da kauri, ya cinye rabin kaurinsa ta kowane gefe. Idan kana son yanki mai 40 cif, sai ka fitar da hanyar waje da rabin 3.175, wato ka tashi daga X-1.588 Y-1.588 zuwa 41.588. Manyan injuna suna da G41 da G42 masu yin wannan lissafi, GRBL ba ta da su.

Ga kuma wani abin. Don ka huda katako mai milimita 6 da cin 0.5, kana buƙatar zagaye 13 kafin ka kai Z-6.2, kusan minti bakwai da rabi a F300. GRBL ba ta san maimaita ba, sai ka rubuta zagayen sau 13. Idan ka yi wannan sau ɗaya, ba sai an lallashe ka ka koyi mataki na gaba ba.

Mataki na 7: Bar manhaja ta tsara hanyar

Aikin kashi uku ne: ka zana, ka tsara hanyar baki, ka fitar da G-code. Easel ta fi sauƙi amma a intanet take aiki. Carbide Create tana da kyau ga alluna da rubutu. FreeCAD kyauta ce gaba ɗaya kuma ba ta neman intanet, sai dai tana son haƙuri. Fusion ta Autodesk ta fi su ƙarfi, tana da lasisin kyauta ga mai amfanin kansa, amma tana cin data kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Ga wanda datarsa ke da ƙirge, ni FreeCAD ko Carbide Create nake nuna masa.

Kowacce ka zaɓa, abubuwan da za ta tambaye ka ɗaya ne. Girman katako da kaurinsa, wanda za ka auna, domin abin da ake sayarwa da sunan 6 yakan zama 5.6 ko 6.3. Inda sifili yake, wanda dole ya dace da inda ka kafa a kan injin. Idan a manhaja ka sa shi a tsakiya, a inji kuma a kusurwa, yawancin aikin a waje zai faɗa. Idan a manhaja Z0 yana saman katako, kai kuma ka kafa a ƙasa, bakin zai nitse da zurfin katakon gaba ɗaya a tashin farko. Sai kaurin baki, da irin yankan: waje da layi idan yankin kake so, ciki da layi idan ramin kake so, kan layi idan zane ne, ko kwarmi idan za a kwashe cikin duka.

Idan za ka yanke abu ya fita gaba ɗaya kuma da maɗauri ka riƙe, sa 'yan gadoji, wato wuraren da manhajar ke bari ba ta yanke ba don yankin ya zauna. Uku ko huɗu sun isa, ka ƙarasa da wuƙa daga baya. Ba tare da su ba, a zagayen ƙarshe yankin zai saki, baki ya wurga shi.

Gargaɗi: wajen fitar da fayil, zaɓi mai fassarar GRBL, wato wanda ke rubuta G-code irin wanda GRBL ke ganewa, ba na wani inji ba. Sannan buɗe fayil ɗin ka karanta layi ashirin na farko da goma na ƙarshe. Idan ka ga M6, umarnin canza baki ne, GRBL za ta ƙi shi da kuskure mai lamba 20. Idan ka ga G28 ko G53 kuma ba ka da makunnan iyaka, cire su, domin suna tura injin wani gida da bai taɓa sani ba, yakan je ya daki bango ko ya ja baki a kan aikin. Fusion ta saba sa G28 sai an hana ta. Nan ne karatun mataki na shida ke biyan kuɗinsa.

Mataki na 8: Sauri da zurfi

Lissafin ɗaya ne: juyin mota a minti, sau yawan haƙora, sau abin da kowane haƙori zai gutsura. Juyi 10,000, haƙora 2, gutsure 0.025, ya ba da F500. A 3018 wanda jikinsa ba shi da ƙarfi, ina farawa daga F300 da zurfin 0.5 a MDF da katako mai laushi, in ƙara kaɗan-kaɗan idan na ji yana tafiya lafiya. A alminiyo zurfin ba ya wuce 0.1 zuwa 0.2.

Mutane suna zaton rage sauri shi ne tsira. Ba kullum ba. Bakin da ke juyi da ƙarfi yana tafiyar hawainiya ba yanka yake ba, guga yake, sai ya yi zafi, katako ya ƙone, kaifi ya tafi. Dubi abin da ke fita. 'Yan sassaƙe masu jiki alama ce mai kyau. Gari mai laushi da ƙauri na nufin ka ƙara F. Idan kuwa injin yana kururuwa, gefen yankan ya fito da tsage-tsage kamar haƙoran zarto, zurfin za ka rage. A robar akirilik, nemi baki mai haƙori ɗaya kuma kada ka yi jinkiri, in ba haka ba ta narke ta dunƙule a bakin.

Ƙurar MDF tana da gulu a cikinta, ba ta shaƙa ba ce. Sa takunkumi, kuma kada ka yi aikin a ɗakin da ake kwana.

Mataki na 9: Shiri don ɗaukewar wuta da sauran tsautsayi

Aikin sassaƙa yana iya cin awa biyu, wutarmu kuma ba ta alkawari. Abin daɗin shi ne injin bai fi cin wat 120 ko kusa da haka ba, ƙaramar inbata ko UPS ta ɗauke shi. Idan kana da ita, sa shi a kai tun farko. Hana laftof yin barci, domin da ta yi, aikawa ta tsaya. Idan sadarwa tana yankewa daidai lokacin da mota ta tashi, wayar USB ce ke kwasar hayaniyar lantarki. Nemi gajeriya mai kauri, ka raba ta da wayar mota.

Marar makunnan iyaka, ga dabarar: bayan ka kafa sifili, kafin ka fara aiki, je wani wuri a gefen katakon da ba za a yanka ba, misali X-3 Y-3, ka huda ɗan rami mai zurfin milimita 2. Rubuta lambar a jikin salatif. Idan wuta ta tafi, kada ka cire katakon. Da ta dawo, lallaɓa bakin har ya shige ramin ba tare da ya gogi gefe ba, ka rubuta G10 L20 P1 X-3 Y-3, ka sake kafa Z da takarda, ka aika tsarin daga farko. Zai bi tsohuwar hanyar a iska har ya iso inda ya tsaya.

Yayin aiki kada ka bar ɗakin. Alamar ! tana dakatar da tafiya, ~ tana ci gaba, amma ka sani dakatarwar ba ta kashe mota. Idan abin ya ɓaci sosai, zare wuta kawai. Idan ka ga zanen ya gurgusa gefe a tsakiyar aiki, mota ce ta tsallake taku, ko don cin ya yi yawa, ko don ƙura ta cushe sandar zare. Da hunturu kuwa, ƙurar waje da ta katako haɗuwa suke da mai su zama kamar laka. Bayan kowane aiki share sandunan da ɗan buroshi, ɗiga mai mara kauri kaɗan, ka lulluɓe injin da ƙyalle kafin ka rufe shago.